Lambun Gayya a Ƙarshen Kaka

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai jujjuya lokuta, wanda ya sanya damina baƙuwa mai zuwa da tafiya, ya ajiye ragowar ruwanta a ƙarƙashin ƙasa domin wanda zai yi haƙurin jawo shi da guga. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya dasa dabino da hannunsa mai albarka a Madina, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, ka sani malamanmu na hisabi sun raba shekara gida huɗu, kowane gida taurari bakwai, kowane tauraro kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14. In ka haɗa su sai ka sami 365. Kaka tana buɗewa da Sarfa, ta bi ta Iwa da Simak da Gafar, ta rufe da Zubana da Iklil da Ƙalb. Hankalin manomi yana kan na farkon, domin a cikinsu ne gero ke shiga rumbu. Ukun ƙarshen kuwa ba kasafai ake tambayar labarinsu ba. Ruwa ya ɗauke, shamuwa ta kwashi 'ya'yanta ta yi kudu, shirwa ta dawo tana shawagi a kan mahauta, raɓa ta soma ja da baya, da asuba kuma in ka karkata buta sai ka ji ruwan alwala ya fara cizo. A wannan ɗan tsakanin, da damina ta yi sallama hunturu kuma bai gama shimfiɗa buzunsa ba, nake so mu shiga wani lambu tare.

Lambun yana Dagumawa, ɗaya daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil. Wanda ya san ƙasar Wudil ya san ta da abubuwa uku: kogi da masuntansa, karar shanu ta ranar Juma'a, da kuma tarihin Jobawa na Utai, gidan da sarautar Makaman Kano take. Ba a lissafa ta da lambun gayya, kuma wannan da nake magana a kansa bai kai a sa shi a lissafi ba. Ɗan fili ne a bayan masallaci wanda wani dattijo ya bayar, samarin unguwa suka yi masa danga, almajiran makarantar allo da wasu magidanta suke ban ruwa, ba wanda ake biya ko sisi. Ba zan kama sunan kowa ba, domin waɗanda suka yi aikin ba don a ambace su suka yi ba. Yanzu dashen farko ya wuce tsayin mutum, wasu sun soma 'ya'ya. Lambun ya fita daga ƙuruciya, bai dai kai ga tsufa ba.

Baƙi sun fi son ziyartarsa a watan Agusta, ni kuwa ban taɓa ganin hikimar haka ba. A Agusta ko bola kore ce. Tafasa da rai-ɗore sun rufe kowane kango, ba ka iya bambance wurin da aka yi wa hidima da wurin da aka yi wa sakaci, tun da sama ce take yi wa kowa aiki. Sai an kai ƙarshen kaka, bayan gari ya koma ruwan ƙasa, ƙarangiya ta bushe tana kama bakin wando, sannan za ka hango lambun daga nesa kamar an ɗiga shuɗi a farin ƙyalle, ka gane akwai hannu a wurin.

Allah Maɗaukaki, a aya ta 99 ta Suratul An'am, bai tsaya ga ba mu labarin tsiro ba. Umarni ya yi da a dubi 'ya'yan itace a lokaci biyu, lokacin da suke ƙulluwa da lokacin da suke nuna. Ashe ke nan kallon lambu da idon lura ibada ce, kuma ƙarshen kaka ya haɗa lokutan nan biyu a wuri guda. Shiga da ni bayan sallar asuba. A jikin danga duma ya rataya, ganyensa ya ƙone, shi kuwa yana ƙara tauri yana jiran ranar fafewa. Kuɓewar da aka bari don iri ta tsage baki, in ka girgiza ta sai ta amsa kamar caki. Yakuwa ta zubar da fure, zoɓonta ya yi jawur har yana ɗaukar ido, kuma shi ne abu mafi ja a duk unguwar a wannan lokaci. Magarya ta cika da 'ya'ya, rabi kore rabi sun soma ja, yara kuma sun riga kowa sanin reshen da zai fara nuna. Lemon tsami ya yi ruwan ɗorawa. Mangwaro ya fitar da sabon toho mai launin hanta, laushi kamar kunnen ɗan akuya, yana shirin furen da zai yi in sanyi ya kama. Zogale ya yi dogayen 'ya'ya, masu lambun sun sare kansa daidai ƙirji don ya yi rassa a inda hannun mace zai kai. A ƙasa kuma ga fangalin renon albasa, tsiron ya fito siriri kamar allurai, an lulluɓe shi da ciyawa saboda rana da kaji. Mutum ya tsaya wuri ɗaya yana ganin abin da ya gama aikinsa, da abin da yake tsaka da shi, da abin da bai ma fara ba.

Akwai tsohuwar kuka a kusurwar gabas wadda ta girmi lambun da masu lambun. Ta soma zubar da ganye, 'ya'yanta suna lilo a tsirara, samari sun cusa damman harawa a tsakanin rassanta don kada awaki su kai. Duk wanda ya karanta misalin da aka buga a Suratul Kahfi, na rayuwar duniya da tsiron da ya yi shar sannan ya bushe iska ta watsa shi, zai tuna shi a gindinta ba tare da wani ya yi masa wa'azi ba. Amma taku kaɗan daga nan akwai bishiyar da ta fi ɗaukar mini hankali, wato gawo.

Gawo ya saɓa wa 'yan'uwansa itatuwa. Idan ruwa ya sauka kowa ya yi ganye, shi sai ya kakkaɓe nasa ya tsaya fari fat kamar matacce, har wanda bai san shi ba ya ɗauko gatari. Idan ruwa ya ɗauke kowa ya soma tsiraita, sai shi ya yi sabuwar riga, ya fitar da fure mai ƙamshi ƙudan zuma su yi ta kai-komo a kansa. Sirrinsa yana ƙasa: saiwarsa tana nutsawa da nisa har ta cim ma ruwan da sauran ba su kai gare shi. Manoma sun daɗe da sanin cewa geron gindin gawo ya fi na sarari kyau, kuma dalilan a bayyane suke. Ba ya yi wa shuka inuwa da damina; ganyen da ya zubar a bakin shuka taki ne; dangin wake ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da muke saye da tsada a buhun takin zamani; da rani kuma dabbobi suna kwana a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Ana ba da labari cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi. Wannan na lambun Dagumawa ba wanda ya dasa shi. Da ana sassabe aka tarar da ɗan kututture yana toho, wani ya ce a bar shi, aka rage masa rassa aka bar mafi ƙarfi, ga shi yau ya zarce mangwaron da aka sayo da kuɗi.

Abin da aka yi masa shi ne abin da 'yan'uwanmu na Nijar suke kira sassaben zamani. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa a jihar Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sarewa kowace shekara a gonaki ba ciyayi ba ne, tohon manyan itatuwa ne da saiwoyinsu ke raye a ƙasa. Bayan yunwar 1984 manoma suka karɓi dabarar, maƙwabci yana gani wurin maƙwabci, har aka ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba da gangami aka yi wannan ba. Da raino aka yi shi.

Nan ne maganata take. Mu Hausawa mun iya gayya, kuma abin alfahari ne. Mai gona ya raba goro, a sanar da samari, mata su dama fura su tuƙa tuwo, makaɗa su zo da gangar noma, a jeru a kunya ana ihu ana gasa, kafin la'asar an share gonar da za ta ci mutum ɗaya mako biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne. Sai dai jinka sau ɗaya ake ɗaga ta a ɗora, kowa ya kakkaɓe hannu ya tafi gida. Gayyar da muka gada ta yini ɗaya ce, itace kuwa ba ya rayuwa da yini ɗaya. A ƙasar Kano kusan duk ruwan shekara yana sauka ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba, saura wata bakwai kuwa kusan ba ɗigo. Dashen da aka sa a ƙasa a Yuli ko Agusta, ana tafi ana ɗaukar hoto, bai san wahala ba tukuna. A Nuwamba zai fara sanin ko yana da mai shi. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin ganuwar itatuwa daga yammacin nahiyar zuwa gabashinta, Kano kuma tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa. Niyya ce mai kyau. Amma babban shiri da ƙaramin lambun bayan masallaci duk tambaya ɗaya suke amsawa: wa zai zo da bokiti a watan Maris?

Duba yadda aka yi gayyar dashe ta farko a Musulunci. Imam Ahmad ya kawo labarin Salmanul Farisi, Allah ya yarda da shi, wanda bauta ta hana shi halartar Badar da Uhudu. Ubangidansa ya yanka masa fansa: dabino 300 da uƙiya 40. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su taimaki ɗan'uwansu. Wani ya kawo dashe talatin, wani ashirin, wani goma sha biyar, wani goma, kowa gwargwadon abin da yake da shi, har suka cika. Aka taya shi haƙa ramuka, Annabi ya zo da kansa yana sa kowane dashe a gurbinsa, Salmanu kuma ya rantse ko ɗaya bai mutu ba. Abin lura a nan shi ne sharaɗin da aka gindaya masa: ba a ce ya dasa ba kawai, an ce ya rayar. 'Yancin mutum guda aka rataya a kan rayuwar dashe. Da a ce da wannan ma'auni ake auna gangamin dashenmu, a ƙirga masu rai bayan shekara maimakon waɗanda aka raba ranar buki, da lissafinmu ya sauya.

Masu lambun Dagumawa ba su gano wannan daga littafi ba, asara ce ta koya musu. Shekarar farko jama'a sun yi cincirindo ranar dashe; da kaka ta ƙare sai ƙafa ta ɗauke tare da ruwa, kowa yana zaton wani ya je. Daga baya ne suka koma karɓa-karɓa, kowace rana da masu ita, aka rubuta a bangon zaure da gawayi. Ranar Juma'a ba a sa magidanta, saboda kasuwar Wudil tana kwashe su. Almajirai suke riƙe Alhamis da Juma'a, ranakun hutun allo. Suka kuma koyi abubuwan da duk tsohon mai garka ya sani. A yi wa kowace bishiya kwano a gindi don ruwa ya zauna. A rufe kwanon da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin itacen, a barbaɗa toka saboda gara, domin gara da rani ba ta da wani aiki sai neman danshi. A shayar da yamma ko da sassafe. Kuma a ƙosar da bishiya sau biyu a mako ya fi a yayyafa mata kullum, tun da yayyafi yana koya wa saiwa zama a sama, ƙoshi kuwa yana jan ta ƙasa. Na daɗe ina ganin wannan ya yi kama da karatu: ɗalibin da ake ba ɗanɗane kullum ba ya nitso.

Ruwan kansa abin tunani ne. Waɗanda suke bakin kogin Wudil sun sami sauƙi tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, aka kuma ƙara ta Challawa a 1992. Kogin da a da yakan janye da rani ya koma gudana shekara duka, injin ban ruwa ya kori jigo, tumatir da albasa suka cika fadama. Wanda yake tudu kuwa har yanzu shi da rijiya ne. Daga ƙarshen kaka ruwanta yake soma ja da baya, wata bayan wata ana ƙulla wa igiya ƙari. Ayar da ta rufe Suratul Mulk tambaya ce a kan ruwan da ya ƙafe ya nutse, wa zai dawo da shi. Mai famfo a ɗaki yana karanta ta da baki. Mai ƙara igiya yana karanta ta da kafaɗa.

Sai kuma awaki. Da an kwashe dawa da wake ake sakin dabbobi, shanun makiyaya su shigo cin kara, a lokacin kuwa babu wani kore a gari sai lambu. Shari'a ba ta bar wannan ba. A Muwaɗɗa Imam Malik ya kawo hukuncin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna: tsaron rana yana kan masu lambu, ɓarnar dare kuwa tana kan masu dabba. Hukunci ne da ya san halin ƙauye sarai, domin da rana dabba kiwo take, da dare kuwa turke ne wurinta. Saboda haka gyaran danga a ƙarshen kaka ba ado ba ne, sauke wajibi ne. Wanda ya bar ƙyaure a buɗe da rana ba shi da bakin kai ƙara gidan mai unguwa.

A nan dole in faɗi laifina. Wata shekara ranar Talata tawa ce. Ɗaurin aure ya kai ni birni, na ce gobe zan dawo, goben ta zama kwana huɗu, ban kuwa gaya wa kowa ya riƙe mini ba. Akwai ɗan mangwaro mai aure da ni na kawo shi da hannuna, ina ji da shi. Da na dawo na tarar ganyensa ya naɗe, ƙasar gindinsa ta tsage, akuya kuma ta sami kafa a danga ta gaisa da tohon. Dattijon da ya ba da filin yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya ce, "Malam, dashen nan naka kwana huɗu yana cigiyarka." Na ce, "Baba, a yi haƙuri." Ya ce, "Ni ba ka yi mini komai ba. Ga wanda za ka ba haƙuri can." Dashen bai tashi ba. Na sha karantar da hadisin Uwar Muminai A'isha, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Ban fahimce shi ba sai ranar da na tumɓuke busasshen sandan nan na jefa a murhu.

To, wannan jarrabawar ƙuruciyar lambu ce, kuma an kusa tsallake ta. Bishiyar da ta shekara huɗu ko biyar ta kama ƙasa, ba ta bukatar guga kamar da. Jarrabawar girma ita ce take tafe, ta kuwa fi wuya, domin ta farko da rana ake yin ta, ta biyu da zuciya. Muddin lambu yana cin wahala ba mai jayayya a kansa. Ranar da ya fara ba da kwando, ranar ake fara jin "ai ni na kawo irin", "ai mu muka yi danga", "ina waɗannan suke lokacin da muke jan ruwa?" Mutanen da ba su taɓa saɓani a kan aiki ba sai su saɓa a kan gwaiba.

Alƙur'ani ya ba mu labarin masu wani lambu a Suratul Ƙalam. Malaman tafsiri sun ce a Yaman yake, kusa da San'a, kuma mahaifinsu ya kasance yana ba miskinai rabonsu. Da ya rasu 'ya'yan suka yi rantsuwa za su yi sammakon girbi a ɓoye don kada mabuƙaci ya shigo musu. Suna barci bala'i ya kewaye lambun, suka iso da safe har suka yi zaton ɓatan hanya suka yi. Lura da cewa ba ragwaye ba ne. Sammako suka yi. Abin da ya ɓaci niyya ce, kuma a bakin girbi ta ɓaci. Idan wannan hukuncin lambun gado ne, wanda mallakarsu ne halak malak, ina ga lambun da tun farko da sunan Allah aka kafa shi? Kada mu zama rijiya ta bayar guga ya hana.

Wani zai ce ai babu zakka a kayan lambu. Haka ne a mazhabarmu. Malikiyya sun wajabta ta a hatsi da wake da dangoginsa, da riɗi, da dabino da zabibi da zaitun, idan sun kai wusuƙi 5, wato sa'i 300: ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin ga abin da aka shayar da wahalar jigo ko inji. Mangwaro da tumatir da albasa ba sa ciki. Imam Abu Hanifa kuwa ya ga wajibcinta a kusan duk abin da ƙasa ta fitar, kuma babban malaminmu Alƙali Abubakar ibnul Arabi, wanda ya rasu a shekara ta 543 bayan hijira, duk da kasancewarsa Bamalike ya ƙarfafa wannan ra'ayi a littafinsa Ahkamul Ƙur'an. Ba ina neman sauya wa kowa mazhaba ba ne. Ina dai cewa faɗuwar zakka ba ta kayar da haƙƙin maƙwabci da almajirin da ya ja ruwa da matar da ta zo neman ganyen zogale don miyar marayu. Hadisin Anas ma ya faɗaɗa abin ya wuce mutane: duk abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ce gare shi. Na taɓa ganin wani saurayi yana jifan tsuntsaye a kan gwanda, wani abokinsa ya ce masa ya bar masu karɓar sadaka su yi aikinsu. Wasa ya yi, amma ya fi ni fiƙihu a ranar. Ba wai a bar danga a buɗe don akuya ta sami lada ba. Abin da ya kuɓuce bayan an yi tsaro, shi ne ba a baƙin ciki a kansa.

Akwai kuma wata al'ada da ya kamata lambun masallaci ya nisanta. Da mangwaro ya yi fure cikin sanyi za ka ga 'yan sari suna zagaya lambuna suna taya bishiya sukutum, a biya kuɗi tun ba a ga ɗa ba. Annabi ya hana sayar da 'ya'yan itace kafin kyansu ya bayyana, kuma duk wanda ya ga yadda iskar hunturu ke kakkaɓe fure a dare ɗaya ya san hikimar hanin. Kuɗin hannu yana da daɗi, musamman in ana son gyara rufin masallaci, amma ba a gyara ɗakin Allah da cinikin da Manzonsa ya hana.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi damuna, shi ne kuma mutane suka fi jin nauyin faɗa. Filin nan da baki aka bayar. Dattijon yana raye, Allah ya ƙara masa lafiya, kowa kuma ya san niyyarsa. Amma ƙasar Wudil ba ta jiya ba ce. Tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, ga kuma makarantar horar da manyan 'yan sanda, filaye suka yi daraja, gonaki suna komawa fuloti. Magada kuwa mutane ne, suna da buƙatu, ba kuma laifi ba ne su nemi abin da shari'a ta ba su in babu hujjar da ta fitar da shi daga gado. Sayyidina Umar, da ya sami ƙasarsa ta Haibara, bai bar ta a kan kyakkyawan zato ba: ya mai da ita hubusi, ya tsare asalinta, ba sayarwa ba kyauta ba gado, ya bayyana waɗanda za su ci amfaninta, har ya faɗi abin da ya halatta ga mai kula da ita. A mazhabar Malik kuma hubusi ba ya cika sai an karɓe shi daga hannun mai bayarwa kafin mutuwa ko ciwon ajali ko karyewar arziki su riske shi. Karɓa dai an yi, tun da jama'a ke aiki a ciki shekara da shekaru. Abin da ya rage shi ne shaida da rubutu, domin bango da gawayi ba sa tsayawa gaban alƙali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka ina kira ga limamin unguwa da mai unguwa da dattawan Dagumawa, da duk inda ake da irin wannan lambu a ƙasar Wudil: kafin sanyin bana ya fita a zauna da masu filayen da 'ya'yansu, a auna iyaka, a rubuta hubusi da shaidu, a faɗi wanda zai kula da yadda za a raba amfani, a kai kwafi ga dagaci da Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, in kana kusa, akwai gurbin mutum biyu a ranar Talata, igiyar rijiyar kuma tana neman ƙari. Ka zo bayan la'asar da bokitinka.